Maganin Kumburin Furostet: Ƙwayar da Ke Raba Lambar Gwajin Ciwon Daji Gida Biyu

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da kuma masu cewa sun fi gane karatu.

Yau maganar iyayenmu maza za mu yi. Na san wani zai ce, mu da ko talatin ba mu kai ba, ina ruwanmu da ciwon tsofaffi? To muna da ruwa har da tsaki. A yawancin gidaje mu ake aika kemis, mu muke karɓo sakamakon gwaji daga lab, kuma mu ake miƙa wa takarda a ce, "Kai da ka yi boko, duba mana me suka rubuta." Idan abin da ka sani kawai shi ne ka duba ko lambar tana cikin iyakar da aka buga a gefen takarda, akwai ranar da za ka ce wa Baba lafiya lau, alhali ba lafiya ba.

Ga maganar a dunƙule. Akwai magunguna biyu da ake ba maza masu kumburin furostet, sunansu Finasteride da Dutasteride. Suna aiki, ba wanda ke musun haka. Amma suna rage lambar gwajin jinin da ake kira PSA da kusan rabi, kuma da wannan gwajin ne ake fara gano ciwon dajin furostet. Lambar da ya kamata ta fito 6 sai ta fito 3. Wanda ya karanta takardar bai san mutum yana shan maganin ba, sai ya sallame shi ya koma gida. Bari mu bi abin daki-daki.

MENE NE FUROSTET ƊIN MA?

A labarai za ku ji ana cewa "kansar mafitsara" ko "kumburin mafitsara" idan ana nufin wannan matsalar. Hakan yana rikita mutane, domin mafitsara daban, furostet daban. Mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa, mace da namiji kowa yana da ita. Shi kuwa furostet namiji ne kaɗai ke da shi. Wani ɗan dunƙulen nama ne mai girman goro madaidaici, nauyinsa wajen giram 20 a jikin matashi, yana zaune daidai ƙarƙashin mafitsara. Aikinsa samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Abin lura shi ne, bututun da ke fitar da fitsari ta tsakiyarsa ya ratsa, kamar yadda zare ke ratsa dutsen carbi.

Da namiji ya fara manyanta, wannan nama sai ya riƙa ƙara girma. Kusan rabin mazan da ke tsakanin shekara 51 zuwa 60 suna da wannan kumburin, a cikin waɗanda suka haura 80 kuma yakan kai 90 cikin 100. Idan ya girma sai ya matse bututun. Daga nan mutum zai ga fitsari ba ƙarfi, sai ya yi yunƙuri kafin ya fito, yana yankewa, ya gama ya ji kamar da saura, ko ya yi ta ɗiga bayan ya tashi. Dare kuma a tashi sau uku sau huɗu. Idan ka lura Baba ya daina doguwar tafiya a mota, ko yana yawan sake alwala, ko buta ba ta rabuwa da ƙofar ɗakinsa da dare, wataƙila abin da ke faruwa kenan, kunya ce ta hana shi faɗa.

Wannan kumburin ba ciwon daji ba ne, kuma ba ya rikiɗewa ya zama ciwon daji. Ko Sarki Charles na Ingila an yi masa aikinsa a watan Janairun 2024. Sai dai mutum ɗaya zai iya samun biyun a lokaci guda, tunda duk ciwon shekaru ne. Bambancinsu a wurin zama yake: kumburi yana faruwa a tsakiya, kusa da bututu, shi ya sa yake saurin damun fitsari. Ciwon daji kuwa galibi daga gefen waje yake farawa, nesa da bututu, don haka a farkonsa sau da yawa ba ya nuna alamar komai. Wannan ne dalilin da ya sa ake dogara da gwajin jini.

MAGUNGUNAN GIDA BIYU NE

Gida na farko su ne masu sassauta tsoka. A nan ake samun Tamsulosin, Alfuzosin, Doxazosin da Terazosin. Ba sa rage girman furostet, suna dai saki tsokar da ke cikinsa da ta bakin mafitsara, hanya ta ɗan buɗe. Cikin kwanaki mutum yake jin sauƙi. Suna iya kawo jiri idan an miƙe tsaye da sauri. Su waɗannan ba sa taɓa lambar PSA. Ku riƙe wannan.

Gida na biyu su ne masu rage girman naman kansa, wato Finasteride da Dutasteride. A jikin namiji akwai sinadarin mazakuta da ake kira testosteron. A cikin furostet akwai wani sinadari da ke juya shi ya koma DHT, wanda ya fi shi ƙarfi, kuma DHT ɗin ne ke sa naman ya yi ta girma. Waɗannan ƙwayoyi suna toshe wannan juyawar. Finasteride yana rage DHT na cikin jini da kusan kashi 70 cikin 100, Dutasteride kuma da sama da kashi 90. A hankali furostet sai ya motse da kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na girmansa. Amma ba aikin dare ɗaya ba ne, ana ɗaukar wata shida ko fiye kafin a ga amfaninsa sosai.

Asalin maganin ma abin mamaki ne. A 1974 wata likita daga Amurka mai suna Julianne Imperato-McGinley ta wallafa binciken da ta yi a wani ƙauye a Jamhuriyar Dominika. A can akwai dangin da ake haifar wasu yaransu ana ɗauka mata ne, sai lokacin balaga halittarsu ta maza ta bayyana. Ta gano cewa jikinsu ba ya iya juya testosteron zuwa DHT yadda ya kamata. Sannan an lura cewa ko da suka girma furostet ɗinsu ƙarami ne, kuma ba sa yin sanƙo. Kamfanin Merck ya ɗauki wannan ilimin ya yi shekaru yana aiki a kai, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Finasteride mai miligiram 5 a 1992 da sunan Proscar. A 1997 aka fitar da mai miligiram 1 da sunan Propecia domin sanƙo. Dutasteride, mai suna Avodart, ya samu amincewa a 2001.

Kuma maganin yana da amfani na gaske. Wani bincike da aka wallafa a 1998, wanda ya bi maza kusan dubu 3 na tsawon shekara huɗu, ya nuna Finasteride ya rage haɗarin toshewar fitsari gaba ɗaya, da haɗarin kaiwa ga tiyata, da fiye da rabi. Duk wanda ya taɓa ganin dattijo yana murƙususu saboda fitsari ya ƙi fita har sai an sa masa roba, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Don haka kada wani ya gama karanta wannan ya je ya ɗauke wa mahaifinsa magani. Ba nan muka dosa ba.

TO SHI KUMA PSA FA?

PSA wani sinadari ne da furostet ke samarwa, yawancinsa yana tafiya cikin maniyyi, ɗan kaɗan ne ke shiga jini. Wannan ɗan kaɗan ɗin ake aunawa, da ma'aunin nanogiram a kowace mililita. A Amurka an amince da gwajin a 1986 domin bibiyar masu ciwon, sai a 1994 aka amince a yi amfani da shi wajen nemo ciwon a jikin wanda bai san yana da shi ba. Yawancin takardun lab za ka ga sun rubuta iyaka daga 0 zuwa 4.

Gwajin ba alƙali ba ne, ɗan rahoto ne kawai. Lamba tana iya hawa saboda kumburi zalla, ko ciwon sanyin hanyar fitsari, ko an sa wa mutum roba, ko ya kusanci iyali, ko ya yi doguwar tafiya a keke kwana ɗaya biyu kafin a ɗebi jinin. Kusan uku cikin huɗu na mazan da lambarsu ta hau, idan aka bincika ba a samun ciwon daji. Sannan lamba ƙasa da 4 ba takardar shaidar lafiya ba ce. Wani bincike na 2004 ya samu ciwon a jikin kusan kashi 15 cikin 100 na mazan da lambarsu ba ta taɓa wuce 4 ba, duk da cewa akasarinsa mai tafiyar hawainiya ne. Aikin gwajin shi ne ya nuna wa likita wanda ya kamata a ƙara dubawa, da yatsa ta dubura, da hoton MRI, sannan in ta kama a tsinko ɗan nama a duba a madubin likita. Wannan na ƙarshen ne kaɗai ke tabbatar da ciwon.

Yanzu ku haɗa biyun. DHT ne ke zuga furostet ya samar da PSA. Ka rage DHT, PSA ya sauka. Bayan wata shida zuwa shekara ɗaya ana shan Finasteride ko Dutasteride kullum, lambar takan sauka da kusan rabi, ko mutum yana da ciwon daji ko ba shi da shi. Wannan ba sirri ba ne, yana rubuce a cikin 'yar takardar nan da ake naɗewa a kwalin maganin, wadda yawancinmu muke jefarwa.

Saboda haka likitoci suna da ƙa'ida: wanda ya yi wata shida ko fiye a kan maganin, a ninka lambarsa sau biyu kafin a kwatanta ta da iyakar da ke takarda. Idan ya yi shekaru da yawa yana sha, ninkin ma yakan ɗan haura biyu, zuwa wajen 2.3 ko 2.5. Ƙa'ida ta biyu ta ma fi wannan muhimmanci: bayan lambar ta sauka ta zauna a wuri mafi ƙasa, duk hawan da ta sake yi, in an maimaita gwajin an tabbatar, abin bincike ne ko da ba ta kai 4 ba.

Bari in ba da misali da lissafi. A ɗauka dattijo mai shekara 62, kafin ya fara magani PSA ɗinsa 3.0. Bayan shekara ɗaya ya koma 1.5. Wannan daidai ne, maganin ne ya yi aikinsa. Shekara ta zagayo aka sake gwaji, aka ga 2.4. Takarda ta ce iyaka 0 zuwa 4, kai da ka karanta sai ka ce alhamdulillahi. Amma ninka 2.4 sau biyu, ka samu 4.8. Kuma lambar ta taso daga 1.5 alhali mutum yana kan maganin da ya kamata ya danne ta. Wannan dattijon likitan hanyoyin fitsari ya kamata ya gani, ba a ce masa sai baɗi ba. Haka kuma idan an yi shekara ana sha ba fashi amma lambar ta ƙi sauka, shi ma abin da likita zai so ya sani ne.

ABIN DA SAKACIN NAN KE JAWOWA

Wani zai ce ai duk likita ya san wannan. To ku ji abin da ya faru a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka. A 2019 mujallar likitoci ta JAMA Internal Medicine ta wallafa binciken da aka yi a kan maza 80,875 da aka gano suna da ciwon dajin furostet tsakanin 2001 da 2015. Kusan ɗaya cikin goma suna shan waɗannan ƙwayoyi tun kafin a gano ciwon. Masu binciken suka koma baya suka ninka lambobinsu, suka duba tsawon lokacin da aka ɗauka daga ranar da lamba ta fara nuna haɗari zuwa ranar da aka gano ciwon. Ga waɗanda ba sa shan maganin, shekara 1.4. Ga masu sha, shekara 3.6. Jinkirin sama da shekara biyu kenan.

Kuma jinkirin ya yi ɓarna. A cikin masu shan maganin, kashi 6.7 cikin 100 an same su ciwon ya riga ya bazu zuwa wasu sassan jiki, sauran kuma kashi 2.9. Cikin shekara 12, kashi 13 cikin 100 na masu shan maganin sun rasu ta dalilin ciwon, sauran kashi 8. Masu binciken sun danganta abin da jinkirin ganowa, wato ana karanta lambar a yadda ta fito ba tare da an yi la'akari da maganin ba.

Ku kwatanta da wani binciken daga Suwidin a 2022, wanda ya bi maza kusan dubu 350 a birnin Stockholm. A can ba a ga ƙarin mutuwa a cikin masu shan maganin ba, kuma an lura su an fi yawan yi musu gwaji da bibiya. Ƙwaya iri ɗaya, sakamako daban. Abin da ya raba su shi ne yadda ake sa ido a kan lambar.

SHIN MAGANIN NA KAWO CIWON DAJI NE?

Wannan tambayar za ku ci karo da ita a intanet, gara ku san asalinta. A 2003 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka mai maza 18,882 'yan shekara 55 zuwa sama. Rabi aka ba su Finasteride, rabi aka ba su ƙwayar da babu magani a ciki, na tsawon shekara bakwai. Ciwon dajin furostet ya ragu da kusan kashi 25 cikin 100 a wajen masu shan maganin. Amma nau'in ciwon mai tsanani ya ɗan fi yawa a cikinsu, kashi 6.4 a kan 5.1. An yi irin wannan gwajin da Dutasteride, aka wallafa a 2010, aka ga raguwar kusan kashi 23, tare da ɗan ƙarin mafi tsananin nau'in. Shi ya sa a watan Yunin 2011 FDA ta sa aka ƙara gargaɗi a takardar magungunan, kuma ba ta amince a riƙa ba da su a matsayin rigakafin ciwon daji ba.

Masana da dama sun yi bayanin cewa idan furostet ya motse, allurar da ke tsinko nama ta fi saurin dacewa da wurin da ciwon yake, kamar neman allura ce a ƙaramin kwano maimakon babban masaki. Da aka ci gaba da bin mazan gwajin farko, rahoton 2013 ya nuna bayan shekara 15 kashi 78 cikin 100 suna raye a kowane ɓangare, babu bambanci. Wato inda ake bibiya yadda ya kamata, maganin bai ƙara mutuwa ba. Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne na karanta lamba ba daidai ba.

ME YA SA ABIN YA FI SHAFAR MU?

Na farko, ciwon ya fi kama baƙar fata. A Birtaniya ƙiyasin shi ne namiji ɗaya cikin takwas zai kamu da shi a rayuwarsa, amma a cikin baƙaƙen fata ɗaya cikin huɗu ne. A Najeriya shi ne ciwon dajin da ya fi kowanne yawa a tsakanin maza, kuma da yawa ba sa isa asibiti sai ya riga ya kai ƙashi. Alhali idan aka same shi yana cikin furostet bai fita ba, yana daga cikin ciwukan dajin da aka fi samun nasarar magancewa.

Na biyu, yadda muke mu'amala da magani. Dattijo ya faɗa wa abokinsa a majalisa cewa fitsari na damun sa, abokin ya ce ga wanda likita ya rubuta mini, a nuna wa yaro kwali ya je kemis ya sayo. Ba a yi gwajin farko ba, ba kati, ba wanda ya rubuta ranar da aka fara. Ko kuma likita ne ya rubuta shekara uku da suka wuce, aka ci gaba da saye ba a koma ba. Rana ɗaya wata ƙungiya ta kawo gwajin kyauta unguwa, ko aka je wani lab daban, aka ɗebi jini, ba wanda ya tambayi me ake sha. Takarda ta fito 2.8, kowa ya yi hamdala. A ƙasar da bayanan majiyyaci ke cikin kwamfuta ma an samu jinkirin shekara biyu, ina ga inda katin asibiti ɗaya bai san na ɗaya ba?

Na uku, haɗaɗɗun ƙwayoyi. Akwai kafso ɗaya da ke ɗauke da Tamsulosin da Dutasteride tare, irin su Duodart. Wasu kamfanonin kuma sau da yawa harafi ɗaya kawai suke ƙarawa a ƙarshen sunan, D ko F. Mutum zai rantse maka Tamsulosin kaɗai yake sha, alhali akwai ɗayan a ciki. Kada ka tsaya a babban sunan da ke gaban kwali. Juya ka karanta ƙananan rubutun da ke lissafa abin da ke ciki.

SAI KU MASU YAƘI DA SANƘO

Wannan ɓangaren namu ne kai tsaye. Matasa da yawa yanzu suna sayen Finasteride mai miligiram 1 ta intanet domin gashi. Kada ƙanƙantar ƙwayar ta ruɗe ku. Wani bincike na 2007 ya nuna cewa cikin mako 48, ta rage PSA da kashi 40 cikin 100 a maza 'yan 40 zuwa 49, da kashi 50 a 'yan 50 zuwa 60. Ko Donald Trump, likitan fadar White House ya bayyana a watan Janairun 2018 cewa yana shan Propecia domin gashi, kuma lambar PSA ɗinsa da aka sanar ba ta kai ko 0.2 ba. Kai da ka fara sha a shekara 28, idan ka kai 45 kana sha, wataƙila ba za ka ma lissafa shi cikin magunguna ba in likita ya tambaye ka. Ka lissafa shi.

Kuma ku san yana iya rage sha'awa, ya raunana ƙarfin namiji, ya rage maniyyi, wasu nono ya yi musu tsami ko ya kumbura. A 2024 hukumar magunguna ta Birtaniya ta ƙarfafa gargaɗi a kan baƙin ciki mai tsanani da tunanin kashe kai ga masu shan sa. Mace mai juna biyu kuma kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe ko aka daka, saboda tana iya shafar halittar ɗan tayi namiji. 'Yan'uwa mata masu jera wa Baba magani, ku kula da wannan.

TO ME ZA MU YI?

Kafin a fara Finasteride ko Dutasteride, a ga likita, a yi PSA, a ajiye lambar. Ita ce ma'aunin da za a riƙa komawa gare shi. Bayan wata shida zuwa shekara a sake, domin a san sabon wurin zamanta.

Ka buɗe wa Baba shafi a wayarka ko ka saya masa ƙaramin littafi. Sunan magani, ranar da aka fara, da kowace lamba tare da kwanan watanta. Ka ɗauki hoton kwalin gaba da baya. Duk inda za a ɗebi jini ko a karanta sakamako, a faɗa tun kafin a tambaya: yana shan kaza, tun wata kaza. Har na gargajiya da ake tallatawa a rediyo da tasha, a faɗa.

A faɗi gaskiya a kan fashi. Idan kuɗi sun yanke an yi wata biyu ba a sha ba, lambar za ta fara komawa sama, kuma bayan kamar wata shida da dainawa takan koma inda take a da. Likitan da ya ninka lambar wanda ya daina sha zai tayar da hankali a banza. Kuma kada a daina sha don wai a samu lambar gaskiya kafin gwaji, hakan rikita lissafin yake yi.

Ninkawar da na koya muku domin ku san lokacin da za ku matsa a ga likita ce, ba domin ku yanke hukunci a gida ba. Game da lokacin fara gwaji kuwa, Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Amurka tana ba da shawarar a fara tattaunawa da likita a shekara 50, amma baƙar fata da wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya kamu kafin 65 su fara a 45. Abubuwan da ba a jira da su kuma: fitsari ya ƙi fita gaba ɗaya, jini a fitsari, ciwon baya ko ƙugu da ya ƙi tafiya, ko rama ba dalili. Jini a fitsarin dattijo kada a ce tsargiya ce kawai a share, a je a duba.

Saura babban aikin, wato yadda za a tayar da maganar. Mun san tarbiyyarmu, ba ka zama gaban mahaifinka ka tambaye shi yadda fitsarinsa yake. Ba sai ka yi hakan ba. Ta ƙofar magani za ka shiga: "Baba, wannan maganin da kuke sha, an ce yana canza sakamakon gwajin jini. In za ku koma asibiti zan raka ku, mu tafi da kwalin likita ya gani." Shi kenan, ba ka ambaci komai da zai sa a sunkuyar da kai ba. In kuma ka san ba zai ji daga bakinka ba, ka bi ta wajen Umma, ko Kawu, ko amininsa da suke zama bayan la'asar. Ana jin maganar sa'a fiye da ta ɗa.

A daren nan, duk wanda ke da uba, ko kawu, ko kaka mai shan maganin fitsari, ya duba kwalin. In ka ga Finasteride ko Dutasteride, ka tambayi yaushe aka fara, kuma yaushe rabon a yi PSA. Ku tura wannan rubutun zuwa zauren gidanku na WhatsApp, musamman ga yayyen da ke biyan kuɗin magani.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, waɗanda ke kwance Allah Ya tashi kafaɗunsu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.